Makullin Rumbun Kuran

Wannan watan Arzika ya cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ko da yake ni dai bai bar ni na huta ba. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma duk wanda ya san taubasantaka ya san ba a gaisawa sai da tsiya. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne bawan, har aka kai shi makwancinsa ba mu raba wannan gardama ba. Ni tela ne, sunana Nomau, ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, kan hanyar Tabla, ba nisa da Filinge. Ban saba da rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani ɗan makulli da ke aljihuna, wanda a dā aljihun Arzika yake kwana. Tun da ya zo hannuna, ko fura ba ta yi mini daɗi.

Makullin rumbun kuran ne. Na san mutumin birni zai yi dariya, ya ce yaushe aka fara zuba lantarki a rumbu. Bari in yi bayani.

Shekaru masu yawa da suka wuce, wasu mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka kawo mana gurup, babban injin nan mai ba da kuran. Suka kafa turaku, suka ja waya, suka tara mu gindin gawo suka ce na gari ne, ku riƙe abinku, suka shiga motarsu suka tafi. Muka yi ta tafi da guɗa. Sai daga baya muka lura ashe gurup gazuwal yake sha, wato man dizal, gazuwal kuma da kuɗi ake sayensa, manomin hatsi kuwa ba ya ganin kuɗi wata-wata. Sau ɗaya yake da abin hannu a shekara, lokacin kaka. Watannin farko duk a rigima suka ƙare, mai karɓar kuɗi ya shiga gida a ce masa maigidan ya tafi daji, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki.

Arzika ne aka ɗora kan injin, don ya taɓa zama a garejin gyaran mota a Yamai. Shi ya ce a bar wahalar da juna, kowa ya biya da abin da yake da shi. In kaka ta yi, gida mai ƙwan fitila ɗaya ya kawo damin hatsi gwargwadonsa, mai fanka ya ƙara, mai injin niƙa ya fi kowa. Aka yi gayya aka gina wani ƙaton rumbu a bayan ɗakin gurup. Arzika ya sa masa ƙofar kwano, ya maƙala kwado. Kai, ranar tsofaffi sun yi gunaguni! A garinmu ba a taɓa kulle hatsi ba, suka ce wannan ai kiran maƙwabta ɓarayi ne. Shi kuwa ko a jikinsa. Duk ranar kasuwar Filinge sai ya fitar da kaɗan, mata su sussuke, ya ɗora a amalanke, la'asar ta yi ya dawo da bido-bido, wato jarkoki, cike da gazuwal. Da yake hatsi yana ƙara daraja in an doshi bazara, rumbun ya riƙa kai mu har wata kakar da saura. Mutanen wasu garuruwa har zuwa suke kallo. Ni ma a lokacin na sayi keken surfani mai aiki da kuran, na zama telan da ake kawo wa ɗinki daga ƙauyukan kewaye.

Sai wata shekara ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki. Kaka ta zo ba komai sai kara. Kafin bazara ta tsaya, samari sun watse cin rani, mata suna jiƙa anza a tukwane, wannan ɗan itacen mai ɗaci da ba a tuna shi sai yunwa ta kai ga wuya. Duk garin rumbu ɗaya ne ke da nauyi, na kuran, don akwai ragowar shekarar da ta gabata a ciki.

Babu wanda ya roƙi Arzika. Mu ba mu roƙo irin wannan da baki. Sai dai mata suka canja hanyar rijiya, suka riƙa bi ta bayan ɗakin gurup, da goyo da ƴan yara a gefe, su gaishe shi su wuce. Hanyar ta fi nisa, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ran nan da hantsi aka zo aka ce mini Arzika ya buɗe rumbu yana rabo, ba taron kwamiti, ba shawarar maigari. Salla ta matso, ga kayan mutane jibge a shagona. Na tafi da gudu har hulata na faɗuwa.

Na ce, “Kai bawa, mi kaka yi hakanga? Da mi za mu sawo gazuwal?”

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Nomau, tahi ɗauko buhunka. Ɗiyanka ba su cin surfani.”

Na koma na ɗauko buhun. Muka ci tuwon a gidana, kuma da bakin da na ci na laƙaba masa suna Ci-Kuran. Sunan ya bi shi, har yaran da aka haifa daga baya suka ɗauka sunan yanka ne. A biki, a kasuwa, a ƙofar masallaci, in na hango shi sai in ce a ɓoye fitilu ga Ci-Kuran nan tafe. Ya yi dariya ya rama da abin da ya fi zafi. Haka muka rayu.

Abin da bai zo da dariya ba shi ne abin da ya biyo baya. Gurup ya shanye ɗan gazuwal da ya rage ya yi shiru. Damina ta gaba ta yi kyau, amma da aka ce a kawo dami sai kowa ya noƙe. Masu hali suka ce su ba za su tara wa wasu abinci da sunan kuran ba. Marasa hali suka ce ai an ga inda na bara ya tafi, gara kowa ya ci nasa a gida. Rumbu ya zauna wayam, awaki suka mai da ɗakin gurup wurin kwana, aka fara yanke waya ana ɗaure shinge da ita. Firigon likita da ake ajiye allurar yara ya mutu. Keken surfanina na lulluɓe shi da tsohon zane, na koma na ƙafa.

Kuma Arzika ɗin nan dai, shi da ya buɗe rumbu, shi ne ya miƙe a gindin gawo ya ce a ba Alhaji Gado riƙon kuran. Alhaji Gado ɗan kasuwa ne a Filinge, mai sayar da kayan gini. Ina tune da maganar kamar yau. Ya ce, “Ku ba shi ya riƙe. Shi in ya ruhe ƙohwa yana iya barci. Ni ban iyawa, kuma duk wanda kunka ba cikinku bai iyawa.” Na ɗaga murya daga baya na ce, ka cinye kuran, yanzu kuma gurup ɗin za ka kyautar? Jama'a suka yi dariya. Shi bai yi ba, kuma ranar ce kaɗai na taɓa jifarsa da magana bai rama ba.

To a nan ne kaina yake ɗaurewa, har yau. Nadama ce ta sa shi faɗin haka, ko gori yake yi mana? Ya rayu ƴan shekaru bayan nan kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi, kuma yawancin yininsa a bencin shagona yake yi. Wata rana ya ce mini da za a sake, da tun farkon bazara zai buɗe, bai jira yara sun rame ba. Wata rana kuma ya ce shi ya kashe abu mafi kyau da garin nan ya taɓa yi da hannunsa. Duka biyun da kunnena na ji, kuma ban ga alamar wasa a fuskarsa ba ko sau ɗaya.

Da zai leƙo ya ga yadda zamanin Alhaji ya kaya, ban san abin da zai ce ba. Alhaji Gado ya ɗauke tsohon gurup, ya shimfiɗa panno masu shan rana a bayan gari, da ɗakin batura. Ya sa wa kowane gida kontar, wato mita, ka sayi kuran ta waya ka zuba lamba, in ya ƙare ya ɗauke ba sallama. Gaskiya ɗaya ce, a hannunsa kuran bai yi mana ƙarya ba. Firigon likita ya tashi. Biba, matar da Arzika ya bari, ta sayar da tumakinta ta sayi firigo, tana ƙulla ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya. Da wannan firigon ta ciyar da marayunsa, da shi ƙaramarsu take lakwal, makarantar boko, a Filinge har yanzu. Ni ma na yaye wa keken surfani zanensa. Amma a lokacin in ka zaga gari bayan magariba, gida ɗaya haske, biyu duhu. Turken yana ƙofar gidan mutum, wayar ta bi ta kan zaurensa, shi kuwa da fitilar hannu yake neman takalminsa. Mutanen da suka haƙa ramukan turakun nan da gayya, su ne yawanci a cikin duhun.

Bara yarjejeniyar Alhaji ta zo ƙarshe, aka aiko daga ofishin magajin gari cewa mu zaɓa, a sabunta masa ko gari ya karɓi abinsa ya biya shi kayansa a hankali. Lokacin kuma rediyo ba ta da zance sai wannan, ko kuran na ƙasa gaba ɗaya ya zauna hannun gwamnati ko na ƴan kasuwa. Masu ilimi suna ta kai da kawowa, wannan ya yi magana in ce wallahi ya yi gaskiya, wancan ya amsa in ce shi ma haka. Garinmu ya rabu biyu, kuma abin haushi kowane ɓangare da Arzika yake rantsuwa. Masu son a karɓo suka ce ai Arzika ya nuna mana abin gari na gari ne, har cinsa ana yi in ta ɓaci. Masu son Alhaji suka ce Arzika da bakinsa ya ce ba za mu iya ba. Mutumin da yana raye ake kira Ci-Kuran, ya mutu ya zama malamin kowa.

Ga kuma wani abu da Arzika bai gani ba. Rashin kwanciyar hankali ya koro mutane daga wajen Sanam, sun yi bukkoki a gabashin gari. Ba su da gona a nan. In an koma biyan dami, da me za su biya? Kuma in an ce abin gari ne, su ƴan gari ne ko baƙi? Kontar ɗin Alhaji, duk rashin kunyarsa, bai taɓa tambayar kowa garin ubansa ba. Akwai wata mata a cikinsu, Ramatu, mai ƴaƴa ƙanana, da ta ja ƙwai ɗaya a bukkarta da kuɗin surfen da take yi a gidaje. Na ji wani dattijo mai kishin a karɓo yana cewa in abu ya dawo hannun gari sai an fara da ƴan asali. Daga jin haka sai ƙafata ɗaya ta koma wajen Alhaji, ɗayar kuma ta ƙi tashi.

Ana saura kwana kaɗan taro maigari ya kira ni. Ya ce, “Nomau, kai ka fi kowa zama da marigayi. Ran taro kai za ka hwaɗa muna abin da zai ce, mu huta.” Na fito daga zaurensa na bi ta gidan Biba. Tana tsugune tana ƙulla zoɓo a leda, firigon yana gurnani a bayanta. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ita Alhaji take so, don ta ga abin gari da idonta, ta ga ranar da ya mutu. Ta ce, “Baban yara, in kuran ya ɗauke wata guda cikin zahi, ni da ɗiyan ɗan'uwanka mun tashi.” Na ce to in faɗa wa taro haka Arzika zai ce? Ta ƙulla ledarta ta ajiye. Can ta ce, “Kak ka yi mai ƙarya. Ni ma ban san abin da zai ce ba, kuma ni ka kwana ɗaki guda da shi.”

Ran taro, da hantsi, gindin gawon nan dai. Aka ce Nomau ya tashi. Na tashi ban san ta inda zan fara ba, sai na faɗi iyakar abin da na sani. Na ce Arzika zai sake buɗe rumbu, kuma zai sake cewa a ba Alhaji, duka biyun zai yi, ku bar jan gawarsa. Na ce ni tambaya ɗaya gare ni. In mun karɓo, muka tara dami, yunwa ta dawo, wa ke cikinku zai riƙe makulli mata suna wucewa da goyo ya ƙi buɗewa? Na koma na zauna. Ni a zatona na kashe maganar karɓowa ke nan, ko da yake ban tabbata haka nake so ba.

Sai wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce, “Ai ga ka nan. Shekara nawa kana zagin Arzika don ya buɗe? Duk garin ga babu wanda ya tsani buɗe rumbu kamarka. Kai za mu ba.”

Jama'a suka ɗauka da haka ne, haka ne. Na ce haba jama'a, wasan taubashi ne fa! Suka ce wasan da aka yi shekara da shekaru ba a fasa ba, akwai gaskiya a cikinsa. Na so in musa, amma ni kaina ban san iyakar wasan da farkon gaskiyar ba. Nan take waɗanda ke tsoron karɓowa suka saki jiki, tunda an sami mai taurin zuciya. Aka ɗaga hannu, masu karɓowa suka rinjaya. Aka kuma yarda baƙin gabas su biya da aikin wanke panno da ɗaukar dami, bayan an sha cacar baki. Alhaji Gado bai yi fushi ba, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ƙara da cewa mu sani baturan sun tsufa, ba za su wuce zafi mai zuwa ba sai an canja su.

Washegari Biba ta zo shagona da kanta, ta kwance bakin zanenta ta ajiye makullin a kan keken surfani. Ashe duk shekarun nan yana wurinta. Hannunta na cikin waɗanda aka kayar a taro, amma ba ta yi mini gori ba. Cewa kawai ta yi, “Firigona na hannunka.”

Muka gyara rumbun, aka yi sabon yaɓe, kaka ta yi aka kawo dami. Kakar ba ta yi auki ba, ruwa ya yi gardama a ƙarshe, gonakin nesa kuma ba wanda ya yi kasadar nomawa. Duk da haka mutane sun kawo, har waɗanda ban zata ba, kuma gidajen da suka daɗe cikin duhu sun ga haske. Ranar da aka kunna na ji daɗin da ban ji ba tun rasuwar Arzika, na ce ashe dai mun yi daidai. Abin da ke cikin rumbun, in an sayar da shi a tsakiyar bazara lokacin da hatsi ya yi tsada, zai sayi batura da ƙyar. In aka taɓa shi kafin nan, babu batura, babu firigon likita, babu na Biba, kuma na san ba mai sake kawo dami har abada.

Yanzu zafi ya fara. Na ga tukwanen anza a gabashin gari tun makon jiya, jiya kuma na gansu a cikin gari. Ramatu ta canja hanyar rijiya. Ba ta ce mini komai ba, gaisuwa ce kawai, ina kwana Baba, ta wuce da ƙaraminta a baya, wuyansa kamar zare. Bayan kwana biyu suka zama su uku, yau da safe ban ƙirga ba.

Ana cewa in mutum ya mutu a duba abin da ya bari. Na duba. Gurup ɗinsa an sayar da shi a ƙarfe. Maganarsa kowa ya ja ta inda yake so. Amma samarin da suka fi kowa ɗaga murya a taro, masu cewa a karɓo da masu cewa a bar wa Alhaji, yawancinsu goyon nan ne da aka riƙa wucewa da su ta bayan ɗakin gurup. Babban ɗana yana cikinsu. Hatsin kuran ne a ƙashinsu. Ya bar su, ya bar mana shekarun duhu da suka biyo baya, ya bar mini wannan ƙarfen a aljihu. Har yanzu in aka tambaye ni abin jama'a ya fi ko na ɗan kasuwa, sai in ce ban sani ba, kuma ba kunya nake ji ba. Na dai gane abin da yake nufi da mai iya barci.

Arzika, bawan banza, ka rama. Ka jira sai da ka shekara tara a ƙasa, inda bakina ba ya kai maka, sannan ka rama.

Ɗazu bayan azahar na ce bari in je in duba rumbun, ko gara ta taɓa shi. Na tarar kwadon ya yi tsatsa, tsohon kwadon nan ne na Arzika. Sai na koma shago na ɗauko ɗan man keke, na tsuguna ina ɗiga masa, ina murza makullin a hankali har ya fara juyawa ba gardama. Wallahi ban yi niyyar komai ba, tela ne ni, ba na son ganin ƙarfe da tsatsa. Ban ji tahowar kowa ba sai da inuwa ta rufe ni. Biba ce, da kular ƙanƙara a kai za ta tasha. Ta dubi kwalbar man, ta dubi hannuna, ta gyara gammonta.

Ta ce, “Haka shi ma ya fara.”